Mota mai ƙarfin inji da fetur mai etanol: hawa da ajiya a Legas

Aikina gyaran motoci masu ƙarfin inji ne a nan Agege, kuma galibin masu kawo mini mota 'yan uwanmu ne na Arewa da ke neman halaliyarsu a Legas: 'yan canji, dillalan shanu da na hatsi, masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, sai kuma 'ya'yansu samari masu son turbo, na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Halinmu kusan ɗaya ne. Azumi ya ƙarato, ko Babbar Sallah, ko aikin Hajji, ko biki a gida, sai a kulle mota a hau jirgi. Wata ɗaya ya koma uku. In an dawo aka murza makulli, mota ta yi tari ta mutu, sai a kira ni: "Malam, wallahi lafiya ƙalau na bar ta." Kuma gaskiya ne. Motar lafiya aka bar ta, man da ke tankinta ne bai zauna yadda aka bar shi ba. Abin da zan zayyana a nan shi nake gaya wa duk wanda ya ba ni amanar motarsa, musamman yanzu da etanol ya shigo cikin harkar.

Etanol barasa ce da ake tatsa daga rake ko masara ko rogo, a tace ta, a sa mata abin da zai hana a sha, sannan a gauraya da fetur. In ka ga an rubuta E10, kashi 10 cikin 100 na man etanol ne. A E85 kuwa etanol ɗin ne ya rinjaya, a Amurka yakan kama daga kashi 51 zuwa 83 gwargwadon sanyi ko zafin lokacin. Kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka E10 ne. Ingila ta mayar da E10 man yau da kullum a watan Satumban 2021. Barazil ta fi kowa nisa: tun 1975 ta fara shirinta na man rake, a 2015 kuma ta kai gaurayen fetur ɗinta kashi 27. A nan gida gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, wadda ta amince a gauraya har kashi 10. Amma shiga gidan man da ka ga dama daga Ikeja har Ajah, ba za ka ga an manna E5 ko E10 a jikin famfo ba. Fetur kawai za a ce maka. Wanda ya zuba miliyoyi a mota kuwa bai kamata ya tsaya a nan ba.

Hanyar farko da etanol ke shiga tankinka ita ce wadda mutane ba sa tunawa da ita. Kusan duk tokumbo, wato motar da aka hau a waje aka shigo da ita, da ta fito daga Amurka da ragowar E10 take zuwa. Kamfanonin jiragen ruwa ba sa karɓar mota da cikakken tanki, kwata ko ƙasa da haka suke so. Ka lissafa: motar ta zauna a filin gwanjo a can, ta yi makonni a kan teku, ta zauna a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ana jiran takardun kwastan, ta sake zama a kasuwar motoci ta Berger ana jiran mai saye. Ɗan mai kaɗan a ƙasan tanki, sauran duk iska, tsawon watanni. Ranar da ka karɓi makulli, kafin ka taka ta a kan gadar Third Mainland don ka ji ƙarfinta, a zuƙe wannan man a canza matatar mai. Aikin rabin yini ne, kuma ya fi sayen famfon mai sabo sauƙi nesa ba kusa ba.

Muddin mota tana kan hanya tana shan mai ana sake zuba sabo, etanol ba abin tsoro ba ne, har ma alheri ne ga injin turbo. Lambar oktan ɗinsa ta kai wajen 108, wato yana jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta kafin fulogi ya ba shi ba. Yana kuma sanyaya iskar da ke shiga silinda lokacin da yake tururi. Waɗannan biyun su ne maganin ƙwanƙwasar nan da ke cin fistin a ɓoye har inji ya buga. Inda yake da naƙasu shi ne ƙarfin da ke cikin lita guda, ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka E10 yakan ƙara shan mai da kamar kashi 3 cikin 100, E85 kuma da kusan kashi 30. Fetur zalla yana son iska 14.7 ga mai 1, E10 yana son wajen 14.1, E85 wajen 9.8. Motar zamani tana da na'urar da ke shinshina hayaƙin salansa, kwamfutar inji ta ƙara buɗe nozul, mai fesa wa inji mai, ta cike giɓin E10 ba tare da ka sani ba. Amma tana da iyaka. In ka wuce abin da nozul da famfo za su iya bayarwa, inji zai rinƙa aiki da ƙarancin mai, fitilar gargaɗi ta kama, sikana ta nuna P0171 ko P0174, ko P0087 in matsin man ne ya faɗi. Ƙarancin mai a lokacin da turbo ke hurawa da ƙarfi shi ke narka fistin.

Buɗe ƙofar tanki ka karanta abin da ke jikin murfin. Wasu an rubuta iyakar E10, wasu E15. Motocin Amurka da aka ƙera don shan E85 galibi murfinsu rawaya ne, za ka ga haka a wasu Tahoe, da F-150, da Tundra mai injin 5.7. Waɗannan ba ruwansu, duk gaurayen da ka zuba za su daidaita kansu. Sannan ka lura da lambar oktan da aka rubuta, domin a nan ake rikicewa. Ma'aunin Amurka daban yake da na Turai da namu. In motar Amurka ta ce 91, a ma'aunin Turai wajen 95 take nufi, 93 ɗinsu kuma wajen 98 ne. A gidajen manmu galibi fetur iri ɗaya ne, babu famfon 95 ga na 98 ka zaɓa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa samari masu BMW da Golf da Mercedes masu turbo suka fara neman etanol su gauraya da kansu. Ina fahimtarsu, zan kuma dawo kansu.

Kafin nan, ka koyi gwada man da kake saye. Ba ya bukatar komai sai silindar gwaji ta gilashi mai lamba har mililita 100, irin ta ɗakin gwajin makaranta, ana samunta a wurin masu sayar da kayan kimiyya. Zuba ruwa mai tsabta ya tsaya daidai kan 10. Cika da fetur ya kai 100. Toshe bakin, girgiza sosai, ajiye minti goma. Etanol ya fi son ruwa a kan fetur, saboda haka zai bar man ya koma cikin ruwan a ƙasa. In layin ruwan yana nan kan 10, babu barasa a man. In ya ɗaga zuwa 18 ko 19, E10 ne a hannunka. In ya wuce 20 sosai, kada ka zuba a motar da ba a shirya ta don haka ba. A waje ake yin wannan, nesa da janareta da murhu da mai shan taba. Gwajin ba ya bambance etanol da metanol, wata barasar ta daban, dukansu ruwan ke janyewa, amma ko hakan ma amfani ne. Waɗanda ke Legas a watan Fabrairun 2022 ba su manta ba: an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, layin mai ya miƙe a Legas da Abuja, motoci da dama suka kwanta. Metanol ya fi etanol cin roba da ƙarfe. Wanda ke da silindar gwaji a but a wannan makon, da ya ga layin ruwa ya tashi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin rubutun nan: ruwa. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, in ruwa ya shiga sai ya kwanta a ƙasa shi kaɗai. Etanol kuwa shan ruwa yake. Da farko wannan taimako ne, domin ɗan danshin da ya shiga tanki yakan narke a cikin man ya ƙone tare da shi ba ka ji komai ba. Matsalar ita ce akwai iyakar abin da zai riƙe. E10 yana ɗaukar ruwa kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 ne kawai. A tanki mai lita 60, wannan mililita 300 ke nan, bai kai ledar fiya wata guda ba. Da ya wuce haka sai man ya rabu gida biyu. Etanol ya kama ruwan su gangara ƙasa tare, fetur ya tsaya a sama. Kuma dukkan ɓangarorin biyu sun lalace. Na ƙasa ba ya kamawa da kyau, yana sa tsatsa, kuma a ƙasan nan ne bakin famfon mai yake, shi zai fara zuƙa. Na sama kuma ya rasa etanol ɗin da ke ɗaga masa oktan, ya faɗi da maki biyu zuwa uku. Ko ka yi dabara mota ta tashi, man da take sha bai kai abin da injin turbo ke bukata ba. Mai mai ɗumi ya fi riƙe ruwa a kan mai sanyi, shi ya sa man da yake garau da tsakar rana zai iya rabuwa bayan ruwan sama na dare ya sanyaya gari.

Legas kuwa garin laima ne. Ga teku, ga tafkin da ya ratsa gari, damina daga Afrilu har Yuli, ɗan sarari a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Duk da haka, a abin da nake gani, ba iskar ce ke kawo mafi yawan ruwan ba. Tankin motar zamani a rufe yake, ta wani gwangwanin gawayi yake numfashi, laimar da ke shiga ta nan a hankali take taruwa. Ruwa mai yawa daga wurare uku yake zuwa: rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan man da ambaliya ta taɓa, jarkar 'yan bumburutu, da murfin tanki wanda robarsa ta tsage. Na ukun kowa zai iya dubawa yau. Cire murfin ka kalli zoben robar, in ya bushe ko ya fashe ka sayi wani, musamman in yaran wankin mota suna watsa ruwa da injin matsi a gefen nan.

Game da gidan mai, ni dai ina sayen mai a inda motoci ke shige da fice ba ƙaƙƙautawa, domin man ba ya daɗewa a rumbu. Ba na saye a wurin da ke kwari washegarin ruwa mai ƙarfi, ba na kuma saye lokacin da tanka ke sauke mai, saboda saukewar tana tayar da duk abin da ya kwanta a ƙasan rumbun. 'Yan uwanmu direbobin tanka da ke lodi a Apapa sun san man shafawar nan da ake gogawa a bakin sandar awo, in ta taɓa ruwa sai ta canza launi. Gidan mai na kirki yana yin wannan awon kullum, kuma ba laifi ba ne ka tambayi manaja cikin ladabi yaushe suka yi na ƙarshe. Man bumburutu kuwa, in wahalar mai ta tilasta maka, ka zuba a janareta ko tsohuwar motar aike. Motar da nozul ɗinta ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ta yafe datti ko ruwa.

To, samari masu gaurayawa. Wani yakan zo ya ce, "Baba, na ga ana yin E30, ni ma zan fara." Ba na hana shi, amma sai ya zauna mun yi lissafi. A tanki mai lita 60, E30 yana nufin lita 18 na etanol da lita 42 na fetur, in fetur ɗin zalla ne. In kuwa fetur ɗin da ka saya ya riga ya zo da kashi 10, ka zuba lita 18 a kai, kashi 37 ka haɗa ba 30 ba, abin da kake bukata wajen lita 13 ne. Ka ga amfanin silindar gwaji. Na biyu, wane etanol? Wanda aka fi samu a kasuwar sinadarai irin ta Ojota sau da yawa mai kashi 96 ne, sauran 4 ɗin ruwa ne. A lita 18, ka zuba wa tankinka sama da mililita 700 na ruwa da hannunka. Gauraye mai etanol da yawa ya fi E10 riƙe ruwa, saboda haka ba lallai ya rabu nan take ba, amma ka riga ka cinye wani babban kaso na abin da zai iya ɗauka. Ko a Barazil, etanol ɗin da suke gaurayawa da fetur wanda aka cire wa ruwa ne. Nemi mai kashi 99 da ɗoriya, a durom ɗin da ba a buɗe ba, kuma ka tabbata ba metanol aka ba ka ba. Na uku, gauraye ba tare da an sake saita kwamfutar inji ba asarar kuɗi ne, wani lokaci ma asarar inji. Sai an saita ta, an duba ko famfon matsi da nozul za su iya, an kuma sa na'urar da ke auna yawan etanol a kan layin mai ta nuna maka a waya ko a gaban mota. Wanda ba zai iya waɗannan ukun ba, ya bar motarsa yadda kamfani ya yi ta, ya rage taka ta da tsakar rana. Abu ɗaya da Legas ta sauƙaƙa mana shi ne tashin safe. Wahalar tayar da inji mai etanol da yawa ta ƙasashen sanyi ce, sai dai in ka kai motar Jos da hunturu.

Mai gauraya etanol ya rage tazarar canza baƙin mai. Man da ake fesawa ya fi yawa, wani yana zurarewa ta gefen fistin ya shiga baƙin man tare da danshi. Tafiya mai tsawo tana ƙone shi, amma rarrafe a gosulo daga Obalende zuwa Oshodi ba ya yi. Ni kilomita 5,000 nake ba masu irin wannan mota, ko da littafin ya ce fiye.

Tsofaffin motoci su ne etanol ke wahalarwa ko suna kan hanya. Ina nufin irin Marsandi 190 da Bi-but da ake adanawa don sha'awa, da Fijo 504 mai kafireta, har da manyan babura. Robar tiyo ta da tana kumbura ko ta bushe ta tsattsage, ƙarfen jikin kafireta yana yin farin gari, kuma etanol yana wanke tsohon dattin tanki ya tura shi matata. In za ka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo sayen tiyon mai, ka karanta rubutun jikinsa da idonka. SAE J30R9 ake so a wajen tanki, J30R10 kuma ga ɗan guntun da ke nutse a cikin tanki kusa da famfo. In aka sa na waje a ciki, cikin 'yan watanni zai yi laushi ya fashe. Tiyon da ba rubutu a jikinsa kada ka karɓa ko kyauta ne, domin ɗigon fetur a kan inji mai zafi gobara ce.

Sai ajiya. In tafiyar ba za ta wuce mako uku ko huɗu ba, cika tanki da sabon mai daga wurin da ka amince da shi ya wadatar. In ta kai wata biyu zuwa shida, ga yadda nake yi. Ina barin tsohon man ya yi ƙasa sosai tukuna. A gidan mai, kafin a sa bakin famfo, ina zuba maganin da ke hana fetur tsufa, irin su STA-BIL, gwargwadon awon da ke jikin kwalbar, sannan a cika a kai don ya gauraye. Da famfo ya yi ƙas na farko a tsaya. Kada a yi ta ɗurawa har ya leƙo baki, domin mai yana kumbura da zafi, kuma in ya malala cikin gwangwanin gawayi ya lalata shi. Daga nan sai a yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin don man da ke da maganin ya isa famfo da layi da nozul. Hikimar cika tanki ita ce rage iska: tankin da ke da kwata yana shaƙar iska mai laima da dare ya fitar da rana, raɓa tana taruwa a bangonsa. Cikakke ba shi da wurin yin hakan. Ka sani kuma maganin nan tsufa yake jinkirtawa. Ba ya gyara man da ya riga ya lalace, ba ya kuma mayar da wanda ya rabu. Kwalaben da ake tallatawa wai suna cire ruwa daga tanki, yawancinsu wata barasar ce a ciki, suna iya shanye ɗan danshi, ba za su iya da tafkin da ya kwanta a ƙasa ba.

Motar da ke shan E30 ko sama ba a ajiye ta da wannan man. A ƙone shi ko a zuƙe, a cika da fetur mafi ƙarancin barasa da ka samu, a mayar da saitin kwamfuta na fetur, a yi tafiya mai ɗan nisa don ya wanke layin. Etanol mai yawa da ya zauna a nozul da famfo na watanni yana sa su tsatsa su maƙale. A canza baƙin mai kafin ajiya, ba bayan dawowa ba, don kada inji ya kwana watanni da gurɓataccen mai a cikinsa. Mai kafireta kuma ya rufe hanyar mai ya bar inji ya shanye abin da ke kwanon, ko ya kwance ɗan kusoshin ƙasa ya tsiyaye shi, domin kwanon kafireta a buɗe yake ga iska, shi ke fara lalacewa. In ajiyar za ta kai shekara, ka sa a ranka cewa man nan ba za a hau da shi ba, zuƙe shi za a yi.

Akwai al'adar da nake roƙo a bari. Alhaji zai ce wa maigadi, "Kullum da safe ka tayar da ita minti biyar." Niyyar mai kyau ce, amma cutarwa take. Ƙonewar mai tana haifar da tururin ruwa. A minti biyar inji bai yi zafin da zai kore shi ba, sai ya kwanta a salansa da cikin baƙin mai, batir kuma ya ba da fiye da abin da ya karɓa. Ko dai a samu amintaccen direba ya fita da ita duk mako biyu ya yi rabin awa a kan buɗaɗɗen titi, kamar hanyar Ibadan da sassafe, ko a bar ta kwata-kwata. Ni na fi son a bar ta.

Sauran ba su da wuya. A cire kan batir na baƙin waya, tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce ga na'urar caji. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan. Kada a ja birkin hannu, laima tana manne shi, a sa katako a bayan taya. A ajiye a kan tudu ƙarƙashin rufi, wanda ke zaune a Lekki ko Ajah ya san abin da nake nufi. Kada a naɗe ta da tampol har ƙasa, yana tara gumi, a sa murfin yadi mai shan iska. A kwashe duk abin ci daga ciki saboda ɓera, wanda ke son wayoyin inji.

Ranar dawowa kada ka yi gaggawar murza makulli. Buɗe murfin tanki ka shinshina: man da ya tsufa yana warin fenti mai tsami, ba kaifin warin fetur ba. In ajiyar ta wuce wata uku, sa makaniki ya cire layin mai ya tara kofi ɗaya a kwalba mai haske, tunda abin da famfo ya fara turowa daga ƙasan tanki yake. Bar shi ya zauna. Garau mai launi ɗaya, lafiya. In ya yi hazo-hazo, ya kusa rabuwa. In ka ga layi a ƙasa, ya rabu, kuma ƙara sabon mai a kai ba ya gyara shi. A zuƙe duka, a sauke tanki in akwai tsatsa, a canza matata. Abin da aka zuƙo kada a zuba a kwata, a kai wa masu karɓar tsohon mai a rufaffen durom. In man ya fito lafiya, kunna makulli ba tare da tayarwa ba sau biyu ko uku don famfo ya cika layi, sannan ka tayar, ka bar ta ta ɗumama kana duba ƙasa ko akwai ɗigo. Tankin farko a hankali ake ƙone shi, ba a taka turbo. In ya kai rabi ka cika da sabo, in wannan ma ya yi ƙasa ka sake cikawa, sannan a sa sikana a duba ko kwamfuta tana ƙara mai fiye da kima kafin ka buɗe mata wuta a hanyar Epe.